Bas Mai Baƙin Gilashi

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Ina fata kana lafiya, don muryarka kam na soma manta yadda take. Na yi ta buga maka waya har ta yi zafi a hannuna. Na tashi daga makaranta na bar 'yan ajina da malamar da ke kusa, na je sakatariya, yarinyar da ke ƙofar ofishinka tana kankare farce ta ce mini duk mai koke ya kawo a rubuce. Na ce mata ni na goya Kansilan. Ta ce ko ni na haife shi, a rubuce. To ga shi a rubuce. Maƙwabciyarmu mai sharar sakatariya za ta ajiye maka a kan tebur.

An kama mijina Tela. Ranar da katafila ta zo rushe layin shagunan bakin tasha, waɗanda kwamitinku na sufuri da gyaran gari ya shafa wa jan fenti, ya roƙi direbanta ya dakata ya fito da kekensa da ɗinkunan mutane. Kayan mutane, Auta, ba nasa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana magiya, sai 'yan sanda suka ce ya hana ma'aikata aiki, suka cusa shi a mota. Keken ni na tono shi daga ƙarƙashin bulo. Kan keken ya tsira, teburin ya tafi.

Ka san hawan jininsa. Na kai magani caji ofis, kofur ɗin da ke kanta ya karɓa ya jefa a durowa cikin wayoyin mutane da takalmansu, ya ce za a ba shi. Da na matsa aka bar ni na leƙa ta ƙarfen ƙofa. Wallahi sai da na toshe hanci da mayafi. Mutane a tsaye kamar ashana a kwali, bokiti ɗaya a lungu ya cika yana tsiyaya, kuma a nan mijina yake, mutumin da ko zare ya gani a ƙasa sai ya tsince. Na fito na yi amai a gindin tutarsu.

An ce kwamitinku ne ke sa ido a kan caji ofis ɗin, kuma za ku kai ziyara cikin makon nan. Ba na roƙon ka karya doka. Ka shiga, ka buɗe ido, ka kira shi ka gani, ka tambaye su dalilin da ya sa ba a kai shi kotu ba, ba a kuma ba da belinsa ba.

Ka gai da matarka da yara. Allah Ya taimake ka.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, takardarki ta same ni, kuma raina ya ɓaci da abin da ya faru da Yaya Tela. Ki yi haƙuri da rashin ɗaukar waya. Tun da aka fara aikin sabuwar tasha ba na zama, daga wannan taro sai wancan.

Kamar yadda tsari ya tanada, kwamiti ya rubuta wa babban jami'in caji ofis ya sanar da shi ranar zuwanmu, kuma jiya mun je. Ni da kaina na ce a buɗe mana sel, inda ake tsare mutane. Yaya, babu kowa a ciki. An yi sabon fenti, an wanke ƙasa, akwai tabarmi a shimfiɗe, har da fanka. Bokitin da kika ambata ban gan shi ba. Babban jami'in ya shaida mana cewa ba sa barin kowa ya daɗe a hannunsu, kuma 'yan kwamiti sun yaba masa.

Ina ganin ko dai an mayar da shi wani wuri, ko kuma an sallame shi kafin mu iso. Ki bincika da kyau. Wani lokaci tashin hankali yakan sa mutum ya ga abu fiye da yadda yake.

Batun shago kuwa, an ba kowa sanarwa tun da wuri, kuma idan an gama tasha za a duba waɗanda abin ya shafa. Gari ba ya gyaruwa sai an ɗan sha wuya.

Abu biyu nake roƙo. Kada ki sake zuwa sakatariya kina ɗaga murya, akwai masu neman abin faɗa a kaina. Kuma kada ki gaya wa Inna, kin san jikinta.

Ki gai da yara. Na gode.

Ƙaninki,
Kansila

*

Auta,

Salamu alaikum. Muna nan dai yadda ka bar mu.

Na karanta takardarka a tsaye, na sake karantawa a zaune. Wai tashin hankali ya sa na ga bokiti. Allah Ya ba ni haƙuri da kai.

Bari in gaya maka inda mijina yake lokacin da kuke yaba fanka. Direban ɗaya daga cikin sababbin bas-bas ɗinku, waɗanda kuka yanka wa kintinkiri kwanaki, ya zo har gida ya same ni. Tela ne ya ɗinka masa kayan aikinsa, shi ya sa ya kasa haɗiye maganar. Ya tsuguna a zaure ya ce, "Malama, don Allah kada sunana ya fito, ina da 'ya'ya. Amma maigidanki a motata ya wuni."

Ashe haka ake yi. Duk lokacin da takardarku ta isa cewa kuna tafe, sai caji ofis ya aika ofishin sufuri a ba shi aron bas, wai don hidimar kwamiti. Da safe a kwashe duk wanda ke bayan kanta a zuba a ciki, a kai su bayan katangar sabuwar tasha, cikin ɓaraguzan shagunanmu, a ajiye. Su kuma masu fenti su shiga. Ka san bas ɗin, baƙin gilashi, tagar ba ta buɗuwa don an yi ta ne da na'urar sanyi. Direban ya ce ya kunna, sajan da ke gadinsu ya ce ya kashe, ba a ba da man wannan ba. Tun hantsi har kuka gama ciye-ciyenku da ɗaukar hoto suna ciki, rana na dukan ƙarfe. Ya ce wani dattijo ya riƙa lasar gumin hannunsa. Da motocinku suka fita aka mayar da su, aka naɗe tabarmi, aka cire fankar aka mayar ofishin babban jami'i, bokiti ya koma lungunsa.

Kowa ya sani, Auta. Masu faci sun sani, masu sayar da ruwa sun sani, har mai sharar da ke kawo maka wannan takarda ta yi dariya ta ce, "Au, Malama, sai yau kika ji?" Ku kaɗai da aka ɗora wa sa ido ne ba ku sani ba, ko kuma kun fi kowa sani. Ban san wanne ya fi ba ni ƙyama ba.

Na ga Tela yau. Idanunsa jawur, ya ce kansa kamar ana sara, kuma maganarsa ta yi nauyi, sai ya nemi kalma ya rasa. Maganin yana nan a durowa, na hango kwalin ko ɓare shi ba a yi ba.

Ga abin da nake so. Ka ajiye wannan takarda, ka ɗauki makullin motarka, ka tafi caji ofis yanzu. Kada ka rubuta wa kowa, kada ka buga wa kowa. Ƙafa gare ka, kuma ƙofar a buɗe take. Ban gaya wa Inna ba, ba don kai ba, don ita.

Allah Ya sa ka ji.

Yayarka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da ban haƙuri. Wallahi abin da kika rubuta ya hana ni cin abinci. Ban taɓa jin wannan ba, ki yarda da ni.

Na kai maganar gaban Ciyaman. Ya ce kansila ba ya faɗa wa caji ofis kai tsaye kamar ɓarawo, raini ne ga hukuma 'yar'uwa, kuma su ne ke ba mu jami'an da ke raka katafila. In muka ɓata da su aikin tasha ya tsaya. Na yi ta fama har ya amince a sake kai ziyara ta musamman jibi. Sanarwa kam dole ce, amma na sa an taƙaita ta, sai gobe za a kai musu.

Kuma na yi maganin abin da kika ce. Na kira shugaban ofishin sufuri na gargaɗe shi cewa ko bas ɗaya ta fita ranar ba da sanina ba, a bakin aikinsa. Na karɓi makullan na kulle a ofishina. Ki gani, ba su da abin da za su kwashe kowa a ciki. Jibi zan shiga sel ɗin in fito miki da Yaya Tela a hannuna, in Allah Ya yarda.

Ki kwantar da hankalinki, ki bar komai a hannuna. Ba zaune nake ba.

Ƙaninki,
Kansila

*

Auta,

Sallama. Daga asibiti nake rubuto maka, a kan benci, takardar a kan cinyata.

Ka kulle bas, ka yi ƙoƙari. Amma ka bar musu sanarwa, kuma kwana guda ya ishi mai son ɓoye ƙazanta. Da suka rasa bas sai suka je wurin ɗan kwangilar tasha suka ari motarsa ta ɗaukar siminti, rufaffiya ruf, akwatin ƙarfe babu taga ko ɗaya. Bas ɗin aƙalla tana da kujeru. A wannan a tsaye aka jera su cikin ƙurar siminti, aka ja ƙofa aka sa sakata ta waje.

Wani mai walda da aka kama tare da shi ne ya ba ni labari, don shi ma an watsar da shi. Ya ce tun kafin azahar Tela ya sulale, babu ma wurin faɗuwa, jikin mutane ne ya riƙe shi. Suka yi ta dukan ƙarfe suna ihu. Sajan ya buga daga waje ya ce, "Ku yi mana shiru, manya na ciki!" Manyan ku ne, Auta. Kuna can kuna shaƙar sabon fenti karo na biyu.

Da aka buɗe suka ga halin da yake ciki, babu wanda ya yarda ya mutu a hannunsa. Suka sauke shi a sabon shataletalen da kuka shuka wa furanni, suka ce wa mai waldan ya tsaya da shi, an yafe musu su biyun. Mai keken haya mai ƙafa uku ne ya kawo shi nan, fari fat da siminti, ma'aikaciyar jinya sai da ta wanke fuskar kafin in gane mijina.

Likita ya ce jini ne ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwa. Bai farfaɗo ba tukuna. Ina zaune ina kallon ƙofa, kuma duk sanda na tuna ka shiga sel ɗin nan ka sake tarar da tabarmi da fanka, ka kuma sa hannu ka fito, sai in kau da kai daga ƙofar.

Yayarka

*

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan gaisuwa da jaje, Allah Ya ba Yaya Tela lafiya, Ya sa kaffara ce. Niyyata alheri ce, Allah Ya sani.

Da muka tarar da sel babu kowa na tambaya, babban jami'in ya ce an sallami Yaya Tela tun safe saboda darajata. Na yi farin ciki, har na gode masa a gaban mutane, kuma haka muka rubuta a rahoto. Ciyaman ya riga ya sa hannu.

Yanzu ga inda matsalar take. An ce wani ɗan jarida yana yawo a asibiti yana tambaya. Yaya, in maganar motar siminti ta fita, ba babban jami'in za a taɓa ba, ni za a taɓa, don ni na hana bas kuma ni na yi godiya. Za a ce na sani. Kujerata za ta tafi, kuma in ta tafi wa zai tsaya muku a ba ku shago a sabuwar tasha? Ciyaman ya yi mini alkawarin na bakin ƙofa, mai kyau, da sunan Yaya Tela.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. In ya zo, ki ce an sallame shi lafiya, a hanyar gida ciwon ya kama shi. Kowa ya san yana da hawan jini, ba ƙarya ce gaba ɗaya ba. Ki dubi zumunci, ki dubi Inna. Da zarar ƙura ta lafa zan zo dubiya.

Ƙaninki mai neman afuwa,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum.

Ya buɗe ido jiya da safe, ya gane ni, ya gane yara. Baki ya karkace. Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, na sa masa yatsana a tafin ya kasa damƙewa. Likita ya ce tafiya wataƙila, da sanda. Ɗinki kam ya ce in cire rai. Don haka ka gaya wa Ciyaman ya ba wani shagon bakin ƙofa, ba mu da mai zama a ciki.

Na karanta wa Tela takardarka tun daga gaisuwa har sa hannu, don maganar tasa ce, ba tawa ba. Na tambaye shi me zan ce. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin kalma ɗaya ta fito, kuma ba sunanka ba ne. Cewa ya yi, "Saura." Sauran mutanen da ke cikin motar yake nufi. Suna can bayan kanta har yanzu, suna jiran ziyararku ta gaba.

Ɗan jaridar ya zo da la'asar. Na ba shi kujera, na kira mai walda.

Allah Ya ba mu lafiya.

Yayarka