Kada a Goge Munduwar Kaka

Assalamu alaikum Inna,

Da fatan kuna lafiya, ke da Baba da mutanen Yalwawa. Yaya ƙafar taki? Ni lafiya lau nake a Izmir. Sanyin ne dai, amma ina da bargo, kuma burodi yana riƙe ciki fiye da yadda kike zato.

Inna, da ma kin ga malamata! Tsohuwa ce Baturkiya, tana tara kuɗin tagulla da garuruwan yankin nan suka ƙera a zamanin Rumawa. Idonta ya yi rauni, amma tana shafa kwabo da yatsa sai ta faɗi garinsa da sarkin da ke jikinsa. Wallahi har tsigar jikina tashi take.

Da na ga duk sun yi kore, na ce a ba ni toka da tsamiya in goge su, yadda kika koya mini. Sai ta riƙe hannuna, ta ce koren nan ne ya tsare su tun zamanin.

Don Allah, munduwar Kaka da ke ƙarƙashin gadonki, kada ƙanwata Zakiyya ta goge ta don bikinta. Ba datti ba ne, Inna. A bar mini ita yadda Kaka ta bar ta.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Mahbuba