Da Sunan Ogana Na Goge Ƙunshin, Shi Ake Tuhuma

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari, ina gaida masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kar a zage ni, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ma'aikaciya ce a sashen kwamfuta na wani ofis a nan Kaduna, ko tabbatar da ni ba a yi ba tukuna. Ogana dattijo ne, Baba muke ce masa, daga Kawo yake zuwa, wata biyar ya rage ya yi ritaya. Shi ya koya min komai. A ofishinmu ba a ba sabon ma'aikaci ikon taɓa babbar saba, wato kwamfutar da ke riƙe da duk manhajojin ofis, amma kowa ya san ogogi na ba na ƙasa da su kalmar sirri don aiki ya yi sauri. Ranar nan zai kai matarsa asibiti, ya rubuta min tasa a takarda ya ce, “Ki duba shafin rajistar jarrabawar ƙarin girma, gobe ake rufewa.”

Manhajojinmu kowace a cikin kwantenarta take aiki, kamar ɗakunan gidan haya, akwai kuma wani ƙunshin manhaja da ke tsare su, kar wata ta leƙa fayilolin wata. Sai na ga shafin ya ƙi buɗe wani fayil, ƙunshin nan ne ya hana. Maimakon in kira Baba, sai kaina ya ba ni in cire ƙunshin in sake sakawa. Wai ni gwana! Saba ta jero min duk abin da zai tafi tare da shi, ta tambaya ko na amince. Wallahi ban karanta ba, na danna. Ashe har manhajar da ke tafiyar da kwantenonin za ta bi shi. Nan take komai ya mutu. Na mayar da su, amma kwantenonin suka ƙi karanta fayilolinsu. Na kashe kwamfuta, na ɗauki jakata na gudu gida Unguwar Dosa. Wane irin mutum ne ke yin haka?

Kwana uku Baba ya yi yana gyara. Ma'aikata da yawa suka rasa rajista, har wata mata ta zo ƙofarmu tana kuka. Da aka bincika, sunansa aka gani, aka ba shi takardar tuhuma.

Na same shi a ofis na ce, “Baba, ni ce.”

Ya ce, “Na sani, 'yata. Ni na ba ki makullin. Ki rufe bakinki, ke korar ki za su yi, ni kuwa na kusa tafiya.”

Tun ranar ba ni da sukuni. Mutumin da ya yi shekara talatin da wani abu ba a taɓa nuna shi da yatsa ba, yanzu a kantin ofis ana cewa tsufa ya kama shi, ya daina gane aiki. Ina zaune ina ji, ina shan shayina. Hawan jininsa ya tashi, ya rame. Da na je duba shi, matarsa ta riƙe hannuna tana sa min albarka, wai ni kaɗai ce na zo daga sashenmu. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ko mijina ban iya faɗa wa ba.

Ranar Litinin kwamiti zai zauna. In na yi shiru, zai bar aiki da sunan wanda ya lalata saba. In na yi magana za a kore ni, shi kuma a kama shi da laifin ba da kalmar sirri, wanda aka ce ya fi wancan girma. Jiya ya kira ni ya ce, “Ki yi min alƙawari ba za ki shiga ɗakin kwamitin nan ba.” Kuka kawai na yi har ya kashe wayar.

Jama'a, don Allah, me zan yi?