Na Faɗa Wa Gwamnati Ɗana Yana Aiki

Anti Muhibba, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni kafin Litinin. Ni da na raini 'ya'ya biyar da bulala a kan ƙarya, yau ga ni na yi wa gwamnatin tarayya ƙarya.

Ɗana Manniru, na uku ne don haka zan iya faɗin sunansa, shekara biyu ke nan da gama bautar ƙasa. Sana'arsa kwanciya a falo da latsa waya, har kujerar ta lotsa daidai bayansa. Kwanaki wata Justina ta zo gidanmu a Nyanya, cikin masu bi gida-gida suna ƙididdigar marasa aiki. Tana da ladabi, sai dai siket ɗinta ya yi gajarta, na kuma faɗa mata. Ta tambaya ko cikin makon Manniru ya yi aikin da aka biya shi, ko da na awa ɗaya ne. Maƙwabciyata Maman Elvis tana shanya, kunnenta na wajenmu, ita kuwa ɗanta a banki yake aiki, kuma ba ta bari mu manta. Kafin yaron ya buɗe baki na ce yana aiki sosai. Hujjata, ranar Asabar ya gyara wa mai shagon layinmu waya, aka ba shi na kati.

Da na ji a rediyo wai marasa aiki sun ragu, na san da hannuna a ciki.

Yanzu kawunsa Habibu, direba a Maitama, ya samo masa aikin kula da sito, ranar Litinin zai fara. Yaron nan ya ce ba ya zuwa, wai kuɗin mota zai cinye albashin, kuma shi ma'aikaci ne, gwamnati ta rubuta, uwarsa ce shaida, ita kuwa ba ta ƙarya. A gabana! Shin in nemo Justina ta goge?

Uwa cikin damuwa, Nyanya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ƙyale Justina. Ke kaɗai ba ki isa ki girgiza lissafin ƙasa ba, kuma a ma'auninsu ba ki yi ƙarya ba: awa ɗaya ta aikin biya a mako tana shiga. Sai dai wannan ma'auni motsi yake ƙirgawa, ba ya leƙa tukunya. Mai sayar da ruwan leda a go-sulo ma'aikaci ne a takarda, ko da bai karya ba. Maman Elvis kika yi wa ƙarya, ki yi istigfari.

Manniru ma yana da 'yar gaskiya, Nyanya zuwa Maitama kullum ba wasa ba ne. Ki roƙi Malam Habibu ya nema masa wurin kwana kusa, ya gwada wata uku.

Idan ya ƙi, ki karɓi ma'auninsa hannu biyu. Tunda awa ɗaya a mako aiki ne, to cin abinci sau ɗaya a mako ma ciyarwa ce. Ki sa wa kicin kwaɗo, ki shaida masa Asabar ce ranarsa. Ina zaton da asubar Litinin za ki ji shi yana neman dutsen guga.

Allah Ya yi masa albarka, Ya hutar da kujerar.

Anti Muhibba