Simintin da Na Fasa

Lahadi, 9 ga Yuli, 1978
Na dawo daga Kebbe ƙugu kamar ba nawa ba, sau biyu babur na kafewa a laka. Ban ko cire takalmi ba matata Asiya ta ce maƙwabcinmu Baba Na'inna ya aiko. Wai ruwan gidanmu na cin gindin katangarsa. Aminin marigayi mahaifina ne, ba zan yi musu da shi ba. Amma rufin kwano da daɓen siminti ba ni na fara su a Tambuwal ba.

Alhamis, 20 ga Yuli
Ruwa tun hantsi. Ban leƙa katangar ba.

Asabar, 29 ga Yuli
Katangar ta faɗi da la'asar, ta danne gefen rumbunsa. Na tarar da shi yana fitar da jiƙaƙƙen gero, dami dami, ga sabo bai nuna ba. Na durƙusa na yi jaje. Bai ɗago ba.
"Atiku, da ubanka na da rai, ƙasa ka shan ruwan gidan ga. Yanzu ni ka shan shi."
Abin da ya ce ke nan. Gara a ce zagina ya yi.

Laraba, 9 ga Agusta
Azumi. Asiya ta ce a Fakku innarta na da kwari a ƙarƙashin indararo, ruwa ya taru ya nutse, ta shuka gwaza da rama a ciki. Na ce sauro fa. Ta ce, "Malam, kai ka koya ma manoma tare ruwa a gona. Gidanka ne ba ka iya ba?"
Shekara shida ina malamin gona.

Asabar, 12 ga Agusta
Na fasa simintin. Wata goma kacal da yin sa. Na haƙa rami taki huɗu nesa da ɗaki, zurfi iya gwiwa, faɗin tabarma biyu. Tsakuwa a ƙasa, sai yashi, sai ƙasa da taki. Na ja 'yar hanya daga bakin kwano zuwa ramin. Kafin azahar harshena ya bushe, hannu duk ya yi kanta. Maƙwabta na leƙe, wani ya tambaya ko rijiya nake haƙa.

Juma'a, 25 ga Agusta
Ruwan farko bayan haƙa ramin ya cika shi ya tsallake, ya bi tsohuwar hanya. Na ƙara faɗi, Asiya ta shuka gwaza a ciki. Na gaji da ramin nan. Mun tayar da katangar Baba ni da magini; yana amsa gaisuwata, a taƙaice.

Talata, 12 ga Satumba
Hadari ya haɗo daga gabas ina ofis a Kebbe, na rufe na taho. Na iso da yayyafin farko. An yi ruwa sosai, ramin ya cika har wuyan gwaza, bai tsallake ba. Ina tsaye ina kallo sai ga Baba ya yi sallama, ya lulluɓe kansa da buhu. Muka tsaya a bakin ramin, ruwan yana ja da baya kaɗan kaɗan.
"Ya shanye," in ji shi. Sai kuma, "In gwazan ga ya yi, a aje min iri."
Asiya ta tambayi abin da ya dawo da ni da wuri. Na ce lalacewar hanya nake gudu.