Na Yi Wa Aminina Ƙazafi Da Wasa, Kwamfuta Ta Riƙe

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana, ko da yake mai wauta irin tawa ko daga garin Kwadon aka hango shi za a gane shi. Ni dattijo ne, furfura ta gama da gemuna amma bakina har yau bai girma ba, kuma shi ya jawo mini abin da ya hana ni cin abinci. Don Allah ku ba ni shawara, ku yi haƙuri da rubutun, aji uku na yi a firamare malamai suka ga ba riba suka sallame ni.

Masinja na yi a wani ofishi nan cikin Gombe har na yi ritaya. Akwai akawu mai kula da ɗakin fayil, zan kira shi Bukar duk da ba sunansa ba ne. Shi Babarbare, ni Bafillace, kun san sauran. Da safe in ce masa bawana ka goge mini kujera? Ya ce kai ɗan nono, yau ma saniya ce ta tashe ka? Haka muka tsufa tare, gidajenmu a unguwar Hammadu Kafi layi biyu ne tsakani. To akwai abin da na yi tun ina da ƙuruciya, na riƙa zarar tsofaffin fayil daga wani akwati ina ba mai ƙosai ta bakin get tana naɗe ƙosai da su, ita kuma tana cika mini kwano. A ganina takardu ne da gara za ta ci. Bukar ya kama ni, ya zage ni tas, ya kulle ɗakin, amma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ɗiyata Asma'u ita ta yi karatun da ubanta ya kasa, kwamfuta ta karanta. Bana ofishin nan ya ɗauke ta aikin wucin gadi, an yi sikanin ɗin tsofaffin takardu an zuba a kwamfuta, ita aikinta ta kafa manhajar da za ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta tara duk suna da kalmar da ke ciki, yadda in ka buga suna nan take ta fito maka da takardar. Na ce mata wato Bukar ne na ƙarfe, sai dai wannan ba ya cin goro.

Wata Asabar ta zo gida da laftof tana gwaji, ta ce Baba lambobin akwati kaza sun yi tsalle, fayil da yawa babu, ko ka san inda suke? Maimakon in ji kunya sai shaiɗan ya sosa mini harshe, na ce rubuta, Bukar ya sayar wa mai ƙosai. Ta yi dariya don ta san wasanmu, ta ce dama tana neman jimla mai suna a ciki ta ga ko manhajar na kama bayanin da ake liƙa wa akwati. Ta rubuta da cikakken sunansa, ta sa manhajar ta zagaya, ta buga sunan, sai ga shi a saman allo. Na yi dariya har da hawaye, na kira shi a waya na ce bawana kwamfuta ta tona maka asiri. Ya ce Allah ya isa ɗan nono, bari in ji sauƙin ƙafar nan in zo in sa ta rubuta naka. A gabana ta goge rubutun. Abin da ta manta, sai daga baya ta bayyana mini, shi ne manhajar tana da nata kundin daban inda take ajiye abin da ta tara, in ka goge a jikin akwatin sai ka sake sa ta zagaya kafin ta manta. Ba ta sake ba.

Bukar bai zo ba. Ciwon ƙafar ya zama ajali, da hannuna na sa shi a kabari.

Ranar buɗe aikin aka gayyaci tsofaffin ma'aikata da iyalansu, na sha babbar riga na zauna a layin gaba. Don a karrama marigayi sai aka kira babban ɗansa Modu, aka ce ya buga sunan babansa a ga takardun da ya sa wa hannu. Ya buga. Abin da ya fara fitowa a ƙaton allo, gaban manya da ƙanana, maganata ce. Wani a baya ya ƙyalƙyale da dariya, Asma'u ta yi maza ta rufe laftof. Ni kuwa, mai bakin da ba ya shiru ko a gidan makoki, na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Yanzu an dakatar da ita, an ce ta rubuto wanda ya ba ta wannan bayani, ta kafe kan cewa kuskurenta ne ita kaɗai. Na ce mata ta ambaci sunana, ta ce ba za ta tsayar da ubanta gaban kwamiti ba, muka yi ta sa-in-sa har ta tashi ta bar mini ɗakin. Ita a saninta wasa ne kawai na yi, ba ta san ubanta ne ɓarawon ba. Kuma da yake fayil ɗin da gaske babu su, mutane sun gaskata. Na ji da kunnena a majalisa ana cewa ashe Malam Bukar ma haka yake. Matarsa, wadda ta yi shekaru tana aiko mini da miyar kuka don ta ce ta gidana ruwa ce, ta daina fitowa ko ƙofar gida.

In na ce wasa ne za a ce to ina takardun, dole in ce ni ne. Ban damu da kwamiti ba, me za su ƙwace wa tsohon masinja? Idon Asma'u nake tsoro, da na Modu, su ji cewa mutumin da ya rufa mini asiri har ya mutu shi na liƙa wa laifina. To jama'a ta ina zan fara? In fara zaunar da ɗiyata, ko in tafi gidan marigayi in durƙusa, ko in wuce ofis kai tsaye in faɗa gaban kowa? Kuma faɗar tawa za ta dawo mata da aikinta, ko ƙara ɓata ta zan yi?

Juma'ar da ta wuce Modu ya tare ni a ƙofar masallaci, ya gaishe ni har ƙasa kamar yadda ya saba. Da ya miƙe sai ya ce, “Baffa, ranar nan kai nake ta kallo, na ɗauka za ka tashi.”