Tafin Hannu a Cikin Bango

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna, yaya ƙafar taka? Ni lafiya lau. Sanyin Faransa ya ɗan tsattsaga min hannu, amma ba komai.

Har yanzu muna gyaran tsohon cocin ƙauyen nan na kan tsauni. Jiya na zare wani dutse, sai ga shatin hannun magini a busasshen kwaɓin da ke bayansa. Maigidana Aurélien ya ce, “Shekara ɗari takwas yana jiran a gaisa. Ba shi hannu mana!”

Na ɗora nawa. Wallahi babban yatsansa a karkace yake, irin naka da gini ya lanƙwasa.

Na raina gininka na laka, Baba. Ka yafe min.

Ɗanka,
Sha'aibu