Na Mayar da Akwatin Katuna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki, ta daina kumburi? Mu nan lafiya lau, in ban da wurin aiki.

Kin san shekara goma sha tara ina teburin karɓar marasa lafiya a asibitin nan. Tsarinmu ba wuya: mutum ya sa katinsa a ƙarƙashin na wanda ya riga shi cikin akwatin katako, ya zauna a benci yana kallon tulin yana raguwa. Watan jiya aka ɗauke akwatin, aka kafa allon na'ura a bango. Ka sa lambar katinka, ka danna, allon ya ce an karɓa, ya koma fari.

Tsofaffi sukan danna, su dubi hannunsu, su dubi allon, babu alamar komai. Sai su sake dannawa. Na'urar kuwa duk dannawa sabon zuwa take ɗauka, ta mayar da mutum ƙarshen layi. Ranar Talata wata tsohuwa mai ciwon suga, Inna muke ce mata, ta zo ƙarfe bakwai ba ta karya ba saboda gwajin jini. Sau shida ta danna. Ƙarfe biyu ta suma, ta zame daga benci. Da ta farfaɗo ta ce ita dai bangon nan haɗiye ta yake yi.

Kin san halina, na rubuta a littafina. Cikin mutum tamanin, talatin da ɗaya sun danna fiye da sau ɗaya. Sau uku na sake ƙirgawa don ban yarda da kaina ba.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Akawu

Yaya,

Ina fatan wannan ta same ku lafiya. Na gode da nasiharki cewa in kama bakina, amma ta iso a makare. Na ɗauko akwatin daga sito na mayar da shi kan teburina. Su sa katin, ni in danna musu sau ɗaya.

Manaja ya ba ni takardar gargaɗi, wai in akwatin ya kai Juma'a zan koma sito tare da shi. Matar da ta zana manhajar na'urar ma ta zo, mai fara'a ce, ta nuna min zanen yadda na'urar ke jera mutane. Zanen daidai ne. Ta ce horo kawai mutane ke buƙata. Na ce mata wannan layin yana cikin kanta ne. Layin da ke cikin kan Inna kuwa tulin kati ne, wanda ido ke gani. Wanda bai ga katinsa ba, a wurinsa bai shiga layi ba, ko da an yi masa horon shekara.

Ni sakandare na tsaya, Yaya, ita kuwa digiri biyu. Na dawo gida ina tambayar kaina ko tsoron sabon abu ne kawai ke damuna. Sai na buɗe littafin. Talatin da ɗaya ɗin suna nan.

Akwatin ba zai motsa ba.
Ƙanwarki, Akawu

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki kwantar da hankalinki, ban koma sito ba.

Na roƙi mai zanen ta ajiye kwamfutarta ta zauna a benci safiya ɗaya, na ɓoye akwatin. Kafin ƙarfe tara ta ga mutum bakwai sun sake dannawa. Wani dattijo har ya leƙa bayan allon yana neman inda katinsa ya faɗa. Ba ta yi dariya ba. Ta ari littafina, ta roƙi manaja ya ba ta mako biyu ta gyara manhajar.

Yanzu in ka danna, sai hoton kati mai sunanka ya shige ƙarƙashin tuli, kana ganin nawa ne a samanka. Ko ka danna sau goma, yana wurinsa.

Jiya Inna ta zo. Ta danna sau ɗaya, ta sa yatsa ta ƙirga kati huɗu a saman nata, ta ce yauwa, ta je ta zauna. Sannan na ɗauki akwatin na kai sito da hannuna.

Manaja ya ce in rubuta ban haƙuri a cire takardar gargaɗin daga fayil ɗina. Na ce a bar ta. Kwafinta na manna a littafina, shafi ɗaya da ranar Talatar nan.

Ki shafa min kan yara.
Ƙanwarki, Akawu